Amfer Biyar a Bangon Baffa

Abin da na fara gani ranar da muka iso Diffa ba mutane ba ne, wani ɗan akwati ne mai ruwan toka a jikin bangon zauren Baffa. Mun baro ƙauyenmu na kusa da Baroua da ƙullin kaya da rabin buhun tattasai, ni da Inna da Kaka. Manya suna ta gaisuwa da jaje, ni kuwa na tsaya ina kallon jan ɗigon da ke ƙyaftawa a jikin akwatin. A ƙarƙashinsa an rubuta lamba biyar da harafin A.

Baffa, wan mahaifina, mutum ne mai tsari. Kafin mu kwance kaya ya tara mu a gaban akwatin.

"Wannan shi ne kontar, mitar wuta," in ji shi. "Amfer biyar ke gare mu, ba ƙari. In aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya yanke wutar gidan duka."

Saboda haka gidan yana da doka. Duk mai son yin guga sai ya fara zare wayar firigo, wato akwatin sanyi, ya sa ta dutsen guga a wurinta, in ya gama ya mayar. Kowa ya san dalilin mayarwar. Bayan zuwanmu likita ya gano Kaka na da ciwon suga, ya ba ta wata 'yar kwalba da ake yi mata allura da ita safe da yamma. Ya ce kada zafi ya taɓa ta, in ta yi zafi ta lalace ko da ido bai ga canji ba. A ƙofar firigon take zaune, kusa da kwanon nono.

Kaka ba ta taɓa sa hannu a waya ba. Da yarenta na Barebari take kiran wutar, kannu, kamar dai ta murhu. In za ta wuce kontar sai ta raɓe ta tattare mayafi. "Wutar da ba ta hayaƙi ba a yarda da ita," haka take cewa.

Wata safiya a tsakiyar bazara na makara. Na zare wayar firigo, na goge rigar lakwal, wato ta makaranta, na ɗauki jaka na fita da gudu.

Kamar an shirya, darasin ranar a kan wuta ne. Malaminmu, wanda muke kira Mushe da Faransanci, ya ce kowa ya faɗi yadda ake kiranta a gidansu. Wata Bafulatana ta ce yiite. 'Yar mai kanti, Balarabiya, ta ce kahraba. Mushe ya ce asalin wannan suna na wani dutsen ado ne mai ruwan zuma, wanda in an goga shi yake jan ciyawa. Wata da ta zauna a Maiduguri ta ce lantarki, 'yan gari suka ce kuran, aji ya kaure da gardama. Ni ban ɗaga hannu ba. Tun da na shiga ajin ban taɓa ɗagawa ba.

Sai ya rubuta babban harafin A a allo. "Wannan fa, amfer, sunan mutum ne. Wani Bafaranshe da ya mutu tun kafin a haifi kakannin kakanninku. Turawan Ingila sun gutsure shi sun ce amp, Larabawa sun ce ambir. Kowa ya lanƙwasa shi yadda harshensa zai iya. Shi ne ma'aunin yawan wutar da ke gudu cikin waya. Dutsen guga, alal misali, yana shan da yawa."

Da ya ce dutsen guga sai na ga wayar firigo a idona, a yashe a ƙasa inda na bar ta.

Ban san ko ka taɓa jin tsoro irin wanda ke sa tafin hannu sanyi a ranar da kwanon rufi ke ƙara don zafi ba. Baffa yana kasuwa. Inna da matarsa sun tafi gidan suna. Kaka kaɗai ke gida, ita da ba ta taɓa waya. Na dubi agogon bango, ƙarfe tara da rabi. Ba a tashi sai sha biyu ta wuce. Sau uku na ɗaga hannu ya kai kafaɗa, ya koma kan cinya. Na riƙa ganin kwalbar tana gumi, ina ganin allurar yamma ta shiga hannun Kaka ba ta yi mata komai ba, kuma ni kaɗai na san dalili. Har yau zan iya zana maka tsagar da ke kan teburina.

Da aka kaɗa ƙararrawa na ruga, yashi yana ƙona ni ta cikin takalmi. Na samu gidan tsit. Ruwa ya malalo daga ƙasan firigo ya yi hanya har bakin ƙofa. Na mayar da waya, na buɗe. Nono ya tsinke. Kwalbar ba ta nan.

"Ke, mai gudu," Kaka ta kira daga rumfa. "Zo nan."

Ta nuna mini gindin randa. Ta tona jiƙaƙƙen yashin wurin, ta ciro wani ƙulli na tsumma mai danshi, irin naɗin da take yi wa goronta. Ta sa mini a tafin hannu, na ji kwalbar a ciki. Da sanyinsa.

"Tun fitarki na ji akwatin sanyin nan ya daina gunaguni," in ji ta. "Na kasa kunne, shiru. Ni ba zan taɓa masa igiya ba, amma na san inda sanyi ke kwana a gida."

Da la'asar Baffa ya kai kwalbar asibiti, aka ce a ci gaba da amfani da ita. Ni na gaya masa abin da na yi, kaina a ƙasa. Bai dake ni ba. Ya ɗaure jan ƙyalle a jikin wayar, ya ce duk wanda ya zare ya ɗaura shi a hannu sai ya mayar.

Yanzu Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. A gidana ana guga firigo na aiki, yarana ba su san akwai abin lura a nan ba. Amma in na shigo daga aiki, kafin in ajiye jaka sai na tsaya na kasa kunne. Kuma akwai randa a kusurwar rumfata, a kan yashi, saboda abin da na roƙa a ranar ina tsugune gabanta, hawaye na zuba.

"Kaka," na ce, "don Allah kwance ki sake naɗewa a hankali, in gani."