Saƙon da Ya Kai Baba Asibiti

Yayata aikinta neman aibu. A ofishinsu, inda suke gina manhajar wani ƙaramin asibiti, Uwar Gwaji suke ce mata. Wasu su tsara yadda za a adana bayanan majinyata a kwamfuta, ita kuma ta rubuta 'yan gwaje-gwaje ta ga inda tsarin zai karye. Gwaji ya wuce, allo ya nuna kore. Ya faɗi, ya nuna ja. Wallahi ta fi jin daɗin jan.

Gwaji sai da majinyatan ƙarya, ita kuwa ba ta da haƙurin ƙirƙiro mutane, sai ta riƙa zuba mu a ciki. Kaka ce wadda ba ta san ranar haihuwarta ba. Ni ce wadda ake yi wa rajista sau biyu, wai don na cika maimaita magana. Da gwajin ya ƙare, kwamfuta ta share mu kamar ba a yi ba.

Baba shi ne majinyacin da ba ya zuwa asibiti, kuma nan babu ƙarya. Ga ciwon kai, ga jiri, amma ka ce a je a auna jininsa, sai ya ce shi tela ne, zaman keke ne kawai. Mun yi roƙon, Mama ta yi fushin, ko a jikinsa. Abin yana cin ranmu, Yaya ta fi kowa tsoro.

Ran nan ta rubuta sabon gwaji: wanda ya tsallake ranar ganin likita, a tura masa tuni. Saƙon gwaji bai kamata ya fita waje ba, amma ta manta ta toshe hanyar, lambar da ta sa kuma ta Baba ce ta gaske. Allo ya yi kore, ta tafi cin abinci.

Da yamma sai ga Baba da ledar magani.

"Baba, daga ina?" in ji Yaya.

"Asibiti mana. Sun turo mini saƙo wai na saɓa alkawari. Ni da saɓa alkawari?"

Mama ta kalli tarin ɗinkin mutane da ke kan kujera, ta yi tari.

"Suka ce ba su ga sunana ba," ya ci gaba. "Na nuna musu wayar, na ƙi tashi sai da suka auna ni. Jinin ya hau sosai, amma likita ya ce na zo a kan lokaci."

Yaya ta rufe fuska, ban san ko dariya take ko kuka ba. Ina jin duka biyun ne.

Washegari ta gaya wa shugabanta abin da ya faru, ta toshe hanyar, ta cire lambobinmu. Sai ta zo kan gurbin majinyacin da ba ya zuwa asibiti, ta duba gidanmu kaf ta rasa wanda za ta sa. Ranar ta fara ƙirƙiro mutum.