Haƙorin Kawu

Daga Wurno har Goronyo babu gwanin da ya kai ni sa haƙori ya yi magana. Aikina ke nan a ɗakin bincike: in niƙe shi, in sa cikin maganaɗisu mai nauyin raƙuma, na'ura ta auna mugun hasken nan mai sa cuta, wato radiyeshon, da jiki ya sha.

Jiya na ga mai rake, sai na tuna Kawu, Allah ya haskaka kabarinsa. Rake ya cire masa haƙori a gonarsa ta rani, lokacin yana fama da wani ciwo da aka kasa ganewa. Jin cika bakina, ya miƙo mini shi jina-jina, ko a gano cutar.

Na dawo na iske shi bisa tabarma, ya rame.

"Mi na'urar tac ce?"

"Lafiya lau, Kawu."

"Haƙorin dai, ɗana. Ni ga ni kwance."