Fom biyu a cikin jakata

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun 1980, ina aikin jinya a ɗakin haihuwa na wani asibiti a Zariya. Kullum daga gidanmu na Ƙofar Kibo nake shiga bas, in dawo da yamma ƙafafuna a kumbure kamar ni ce mai cikin. Ina shekara ta tara a haka aka ba ni damar ƙaro karatu. Shugabarmu ta miƙo mini fom biyu, ɗaya na zurfafa aikin ungozoma, ɗaya na gudanar da asibiti, wato zaman ofis.

"Ki zaɓa kafin ƙarshen wata, Sista," in ji ta. "Amma ki sani, wanda ya hau ofis ba ya saukowa."

Sati uku suna yawo a jakata, har maiƙon ƙosai ya taɓa su.

Mahaifiyata ba ta ga abin shawara a ciki ba. Matan unguwa kan shigo gida in duba su, ita kuwa tana gefe tana gyara zama kamar ita ta yi karatun. Ta ce, "Yanzu ki bar taimakon bayin Allah ki koma jan biro? Masu rubutu ne suka yi kaɗan a garin nan?"

Saura kaɗan in bi maganarta. Sai wata Talata da hantsi aka kawo wata mata daga ƙauyen bayan Kufena, ta haihu jini ya ɓalle mata. Duk mun san abin yi. Ruwan da za a ƙara mata ne babu. Yana nan a sito, amma takardar fitar da shi ta kwana huɗu a kan teburi ba a sa hannu ba, mai makulli kuma ya tafi taro. Mijinta ya ruga neman kemis. Kafin ya dawo mun lulluɓe ta. Ya tsaya da ledar ruwan da ya sayo a hannu, ya dube ni ya ce, "To Malama, wannan fa, wa zan ba?"

Ban yi kuka ba. Gajiya ce kawai ta sauko mini har cikin ƙashi. Washegari na cike fom ɗin ofis, a raina ni ce zan gyara komai. Ƙuruciya ke nan.

Na gama kwas na dawo, aka ba ni teburi da fanka mai ƙara. Na gyara abu guda, ba zan ɓoye ba: na sa an ajiye kabad na kayan gaggawa a ɗakin haihuwa, makullinsa a hannun nas ɗin da ke bakin aiki. Wata bakwai ina bin kabad ɗin nan daga taro zuwa taro. Sauran kuwa, sai ga takarda tana kwana a gabana ni ma, ina jiran sa hannun na gaba da ni. Abokan aikina na da suka koma ce mini "ku na sama".

Bayan shekara shida mahaifiyata ta kwanta ciwo, aka zo ƙara mata ruwa. Na karɓe allurar daga hannun nas da ƙarfin hali, na soka sau uku ban samu jijiya ba. Mahaifiyata ba ta yi faɗa ba, ta ce a hankali, "Ba ta abinta, 'yar nan. Hannunki ya manta." Ta warke, amma maganar ta zauna mini.

Yanzu na yi ritaya. Masu tasowa kan tambaye ni wanne ya fi, ofis ko ɗakin haihuwa, ni kuwa ba ni da amsar da za ta faranta musu. Duk wanda ka ɗauka akwai abin da za ka ajiye, kuma ba a dawo maka da shi. Na san akwai matan da suka rayu saboda zamana a ofis, sai dai ban san fuskar ko ɗaya ba, ba wadda ta taɓa damƙe hannuna tana salati. Gajiya dai duka na sha. Ta ɗakin haihuwa ce kawai nake iya faɗin don wa na yi ta.