Malama Hansai, Wadda Ta Ƙi Rubuta Wabi

"Ba zan rubuta ba, ranka ya daɗe."

Amsar da Malama Hansai ta ba Alhaji Halliru ke nan, kansilan lafiya na wancan lokaci, a ɗakin shan magani na Sabon Garin Wudil, cikin daminar 1977. 'Ya'yansa uku sun rasu kafin su kai shekara biyar, kowannensu da kumburin hannu da ido rawaya. Takarda mai hatimi yake so, wadda za ta ce matarsa Saudatu wabi take yi, wato 'ya'ya ba sa tsaya mata, kuma daga tsatsonta abin ya fito. Danginsa takardar kawai suke jira, ya sake ta.

Hansai kuwa ta gwada jinin su biyun tun rasuwar yaro na biyu. Waɗanda ke kan benci suna jiran magani ranar sun ce ko murya ba ta ɗaga ba.

"Alhaji, ciwon nan amosanin jini ne, kuma sai uwa da uba sun haɗu yake kama yaro. Abin da na gani a jininta, shi na gani a naka."

Ya tambaye ta ko ta san wanda ke sa hannu a takardar canjin wurin aiki. Ta ce ta sani.

Shekara ashirin da shida wannan baiwar Allah tana aikin jinya. Da ta idar da sallar asuba take share ɗaki, ta dafa allurai, ta goge tsohon madubin gwajinta. Takan tsaga yatsa, ta ɗiga jini a gilashi, ta rufe, ta ajiye. Idan ta duba ta ga ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje, sai ta aika a kira uban yaro. Nan rigimar take, don maza sun saba a bar wa mata wannan magana. A ƙidayarta, cikin duk mutum huɗu da ta gwada, kusan ɗaya na ɗauke da irin ciwon yana yawonsa lafiya ƙalau. Takan ce wa masu neman aure su zo a duba su tukuna. Wasu suka yi mata laƙabi da Raba-zumunta.

Ni shaida ce. Mahaifiyata ta binne 'ya'ya biyu bayana. Da aka haifi ƙanwata, tsofaffi suka ce a kira ta Ajuji, a ɗora ta kan juji don mutuwa ta raina ta ta wuce. Hansai ta shigo gidanmu ta ce wa kakata, "Inna, ɗauke ta daga kan bola, sanyi ne zai kashe ta. Ku ba ta ruwa da yawa, ku sa mata gidan sauro, ciwo na tashi ku kawo min ita." Ƙanwar tawa, Talatu, yanzu shekararta goma sha biyu. Tana shan wuya, wani lokaci mako guda ba ta iya taka ƙasa, amma tana aji shida, kuma da sunanta ake kiranta.

Malama, ke ce kika cire wa iyayenmu mata wannan kalma ta wabi daga goshi. Ke ce kika zauna da su a tabarmar makoki kina maimaita musu cewa ba laifinsu ba ne.

Kada wani ya ɗauka ƙin da ta yi ya gyara komai. An saki Saudatu duk da haka. Ta dai koma gidansu ba tare da takardar da ke la'antarta ba, kuma ta gaya min da bakinta cewa wannan ne kaɗai abin da ta fito da shi daga auren.

Mun gode, Malama. Allah Ya saka miki. Mu da muka yi boko, idan aka miƙo mana biro a ce mu rubuta abin da ba haka ba, mu tuna da ke. Masu shirin aure kuma su je a duba jininsu.

Mako biyu bayan ranar da ta ƙi rubuta takardar aka mayar da Hansai Dagumawa, aka hana ta tafiya da madubinta. A shekarun nan da kuɗin mai ya sa sa'o'inta suka hau mota, ba a ƙara mata girma ko sau ɗaya ba. Wannan watan take ajiye aiki, da hawan jini da kumburin ƙafa, a matakin da take tun ranar da ta ce ba za ta rubuta ba.