Ƙararrawar Jaki

Ɗan da na haifa ya sayar da lambar yaƙin kakana. Ya ciro ta daga akwatina, ya kai wani shago a titin Gate City inda ake tara lambobin tsoffin sojoji, ya gyara motarsa da kuɗin. Da na tsare shi, da Turanci ma ya amsa mini, wai ai ƙarfe ne kawai.

A zangon Kumasi na san wannan ƙarfe. Kaka tana dafa wake da shinkafa na sayarwa, mu jikoki muna kewaye da murhu bayan isha'i. Sai ta kwance bakin zaninta ta ciro tauraron tagulla mai ƙyalle ja da shuɗi, ta miƙa wa wanda ya fi natsuwa. Ni ban cika samu ba, bakina ba ya mutuwa.

Tatsuniya ɗaya ta fi maimaitawa. Zaki ya tara dabbobi yaƙi a wani daji bayan teku. Jaki ya ɗauki kaya cikin ruwa da taɓo har bayansa ya ɗaye. Da aka dawo, manya suka raba nama, shi aka rataya masa ƙararrawa. Kura ta ce ya kawo ta ba shi dawa kwano guda, ya ƙi, ga yunwa tana cin sa.

Na ce wannan jaki wawa ne. Kaka ta ɗaga muciya.

"Ke uwar surutu, dawa kwana nawa take yi a ciki? In ya sayar, wa zai yarda ya je?"

Sai da na haura arba'in na shiga ajin manya na koyon karatu a nan Greensboro ta Amurka. Kalmar farko da na haɗa da kaina ba a littafi take ba, a jikin tauraron nan take: Burma. Ranar na gane wane ne jakin. Malam Isiyaka ne, mijinta, wanda ya dawo da tari ya ƙare rayuwarsa yana gadin kanti. Ba hoto, ba takarda, kabarinsa ma an yi gini a kai.

Na kira mai shagon. Ya yi mini magana da ladabi, ya ce wani mai tara irinsu a wata jiha ya riga ya saya, gobe da rana za a kai gidan waya. Ya ce irin wannan babu suna a jiki, da me zan nuna tamu ce? Na buɗe baki, tatsuniyar jaki kawai ke zuwa.

A siton da nake aiki a titin Wendover an gargaɗe ni, fashi ɗaya ya rage mini a sallame ni. Na sani sarai.

Washegari da na idar da asuba na naɗe dardumata, na wuce tashar bas ɗin aiki, na hau na Gate City. Shagon yana kulle. Na shimfiɗa dardumar a bakin ƙofar na zauna, yadda ba mai fita da kwali sai ya tsallake ni.