Katin Asibitin Inna da Na Ba Goggo Aro

A lokacin ni tela ne a Bungudu, mai ji da wayo, mutumin da ba ya iya tsayuwar layi. Mahaifiyata, Inna, tana da ciwon ƙoda, kuma ni ke kai ta wani asibiti a Gusau, inda komai na majinyaci a kwamfuta yake, ƙarƙashin lambar katinsa.

Wata rana Goggo, ƙanwar mahaifina, ta zo daga 'Yankuzo da ciwon baya. Buɗe sabon kati wuni guda ne, ita kuwa tana son ta bi hanyar Tsafe da sauran rana saboda halin da hanyar ke ciki. Sai na miƙa katin Inna, na koya mata ta amsa sunan Inna. Aka ɗebi jininta, aka ce ƙodarta lafiya lau, aka shigar a kwamfuta ƙarƙashin katin Inna. Har dariya na yi a mota, wai na iya shige da fice.

Bayan wata biyu ciwon gwiwa ya kwantar da Inna, aka tura mu babban asibiti a wata jiha. Na rubuta takardar neman kwafin bayananta, ta dangwala yatsa, bayan kwana uku aka buga mini. Tun a bakin tagar da aka miƙo mini na ga gwajin Goggo a shafin farko, da sunan Inna a kai. Duk da haka na ninke na sa aljihu.

Sabon likitan ya duba, ya ce ashe ƙodar ta warware, ya tambaye ni ko duk gwaje-gwajen nan nata ne. Wallahi ya tambaya, ido cikin ido. Kunya da tsoron faɗa suka sa na ce nata ne. Ya rubuta mata maganin ciwo mai ƙarfi, irin wanda ba a ba mai ciwon ƙoda. Cikin mako biyu ƙafafunta suka kumbura, fitsari ya ɗauke. Sai a lokacin na faɗi gaskiya, likitan bai ko zage ni ba, kallona kawai ya yi. An yi mata wankin ƙoda sau huɗu, Allah Ya karɓi abarSa.

Na san kwana ne ya ƙare, amma ƙaryata ce ta share hanya. Jama'a, don Allah kada ku ba kowa aron katin asibiti, ko uwa ɗaya kuke. In kun karɓi kwafin bayananku ku karanta, in da kuskure ku faɗa nan take. Har yau dangi yaba mini suke da irin jinyar da na yi wa Inna, ni kuwa sai dai in sunkuyar da kai.