Gideon Mai Mita da Lahadinsa da Ya Ba Mu

Da azahar za ka ji kukan tsohon babur ɗinsa a kan hanyar bakin kanal ɗin ban-ruwa, tun kafin ka hango shi. Ya jingine shi a gindin darbejiya, ya tsaya a ƙofar zaure, ya yi sallama. In mai gida ya fito, su shiga tare, ya goge gilashin mita da gefen hannun rigarsa, ya karanta lambar da ƙarfi don mai gida ya ji, sannan ya rubuta. Haka muka san Baba Gideon, mai karanta mitar wuta a ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Bunkure, tun yana saurayi da ya zo daga Kudancin Kaduna, har yau da furfura ta cika masa kai. A wannan watan zai ajiye aiki, kuma wallahi ba zan iya yin shiru ba.

Ga abin da ya sa. Yarjejeniyar da muka sa wa hannu da kamfanin wuta ta ce za a riƙa karanta mitocin ƙauyenmu ranar Laraba ta farkon wata. In an zo ba a samu shiga ba, sai a yi ƙiyasi. In abin ya maimaitu, a yanke wuta. To, Laraba kuwa ita ce ranar da ake sako wa ɓangarenmu ruwan noman rani. Wa zai bar ruwansa ya wuce gonar wani? Tun asuba maza sun fice, ba mai dawowa sai bayan magariba, gidaje sai mata. Mitocin nan kuma a tsakar gida aka kakkafa su.

Gideon ya roƙi a sauya mana rana. Manajan lokacin ya ce sauran ranaku duk an raba wa wasu garuruwa. Mudassiru, direban motar ofishin, yana wurin, shi ya ba ni labarin.

"Ka shiga abinka mana," in ji manaja. "Mita ta kamfani ce, takarda ta ba ka dama."

Gideon ya ce, "Ranka ya daɗe, takarda ta ba ni, amma mai gida bai ba ni ba."

"To, ka rubuta ƙiyasi."

"Abin da idona bai gani ba, hannuna ba zai rubuta ba."

A ranar aka ba shi takardar gargaɗi, aka ce in ya sake dawowa daga ƙauyenmu ba lambobin mita, ya nemi wani aikin. Ga iyali, ga haya, ga shi ba ƙasarsu ba. Mu kuma an fara maganar kawo tsani a yanke mu gaba ɗaya. Raliya, matar maƙwabcina Isiyaku, da injin markaɗenta take riƙe da rabin gidan, kwana ta yi tana kuka.

Sai ga Gideon ranar Lahadi da azahar, da rigarsa ta coci, ko gida bai biya ba. Isiyaku ya ce, "A'a, Gideon, yau ba ranar hutunku ba ce?" Ya ce, "Ita ce. Amma yau kuna gida." Ya bi ƙauyen kaf, ya kai lambobin ofis kafin Larabar. Mun zaci na wata ɗaya ne. Ashe haka zai ci gaba har tsufa, damina da rani, ba ko kuɗin mai. Manajoji sun zo sun tafi, ba wanda ya tuna ya gyara mana ranar, don ba su taɓa ganin giɓi ba.

Kai ne, Gideon, mai tsayawa a bakin zaure. Ba addininmu ɗaya ba, amma ka kiyaye mutuncin gidajenmu fiye da wasu da muke sahu ɗaya da su. Mu kuwa mun saba da alherinka har muka daina ganinsa, abin kunya ne a gare mu.

Da muka je yi masa bankwana a gidansa a Kura, matarsa Saloma ce ta kawo mana ruwa. Isiyaku ya ce, "Maman yara, mun zo godiya." Ta yi dariya, idonta ya ciko. Ta ce, "Baba, ni ce da godiya, tunda kun dawo mini da shi. 'Ya'yan nan sun girma suna ajiye masa abincin Lahadi a rufe."



Mun gode, Gideon. Mun gode, Saloma. Allah Ya ba ku hutu mai albarka. Masu tasowa a wannan aiki, ga wanda za ku yi koyi da shi. Ku kuma masu tsara ranaku a ofis, don Allah ku zo ku tambayi ranar ruwanmu, kada a sake cin Lahadin wani.